Kunnen Gwamnati a Maƙabartar Aldwier

A ƙauyenmu na Aldwier matattu ne kaɗai ke kwana sama da teku. Mu rayayyu muna ƙasa da shi, a bayan ganuwar ƙasa da kakanninmu suka tara, su kuwa suna kan tudun coci. Matata Hiske tana can, a layin da ke jikin katangar arewa, kuma akwai fili a hagunta da aka keɓe mini. Cikin duk abin da na mallaka, wannan filin ne kawai nake ɗokin shiga.

Shekara biyu da rasuwarta hukumar ruwa ta lardi ta ce ta gaji da ƙara wa ganuwarmu tsawo. Za a ja ta baya, a bar wa teku gonakin arewa su koma fadama, igiyar ruwa ta riƙa gajiya a cikinsu kafin ta iso mu. Gonakin an gama maganarsu. Abin da ya rage shi ne tudun coci. Idan tudun a tsaye yake, sabuwar ganuwa za ta zagayo ta rungume shi. Idan kuwa yana nutsewa kamar sauran ƙasarmu, ba za su ɓata aikinsu ba, ganuwa za ta bi ta bayansa ta bar shi a waje. Kuma doka ba ta yarda a binne kowa a wajen ganuwa ba.

Wadda aka turo ta auna mana wannan wata masaniya ce daga birnin Delft, Ilse Terlouw. Ta zo gidana ne saboda ni ne magatakardan kwamitin coci, muƙamin da ake ba tsohon malamin makaranta don kada ya sami lokacin damun mutane. Na ba ta kofi da biskit ɗaya, na rufe gwangwanin.

"Malam Wiarda, an ce labarin ƙasa ka koyar, ka ga ba sai na wahala ba," in ji ta. "Tauraron ɗan'adam yana aiko da sigina kan teku, ya jira ta dawo. Daga jinkirin dawowarta ake sanin tsawon ruwa. Haka yake zagaye duniya yana yi."

"Ya kuma gaya muku teku na tashi."

"A matsakaici, 'yan milimitoci kowace shekara."

"A matsakaici," na ce, "ni da matata kowannenmu rabinsa na raye."

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi mini ta'aziyya ba. Na ba ta maki ɗaya a raina.

"Shi ya sa na zo," ta ce. "Matsakaicin duniya bai san Aldwier ba. Teku ba kwano ba ne, wani gefen ya fi wani tashi. Kuma ko mun san na tekunku, rabin lissafi ne. Ruwa na hawa, ƙasa na sauka, sai an haɗa biyun. Akwai wani tauraron da ke auna ƙasa, amma yana buƙatar abin da zai riƙa dubawa, abin da ba ya motsi."

"Idan kuma amsar ta zo ta saɓa wa abin da hukuma ke so?"

"Ban san abin da hukuma ke so ba."

"Kin fi kowa sa'a a lardin nan."

Na karanta tarihi da yawa, kuma ban taɓa cin karo da inda mai awo ya zo daga birni ya koma ba tare da mutanen ƙauye sun rasa wani abu ba. Amma na sa hannu, don in na ƙi, an riga an sami amsa.

Abin da suka kafa a kusurwar maƙabarta wani ƙarfe ne mai fuska uku, kamar akwatin da aka yanka ta kusurwa, bakinsa a buɗe yana kallon sama a karkace, a kan falon kankare, wato wani faffaɗan daɓe da aka zuba masa. Ilse da kanta ta yi rabin yini tana karkata shi har ya fuskanci hanyar da tauraron ke bi. Ta manna masa ƙaramin allo mai cewa kayan awo ne, kada a taɓa. Kafin mako ya zagayo yaran ƙauye da manyansu sun raɗa masa suna Kunnen Gwamnati.

Ni dai ba Kunnen nake sa wa ido ba. Okke nake sa wa ido, ƙanen Hiske. Manomi ne mai shanu, mai dariya kamar ana mirgina ganga, kuma tun ranar ɗaurin aurenmu yake kirana Malam da irin muryar da ake kiran kare mai tsada. Gidansa yana gindin tudun coci ta arewa. Duk wanda ya iya karanta taswira ya san idan ganuwa ta zagayo tudun, ta kan ɗakin girkin Okke za ta bi. Idan ta bar tudun a waje, ta ɗan lanƙwasa, gidansa ya tsira a ciki. Wato kabarin yayarsa da gidansa suna kan ma'auni ɗaya, kuma ya daina zuwa taron kwamiti.

Kowace Lahadi nakan haɗu da shi a ƙofar maƙabarta.

"Malam, ka zo karanta mata jarida? Ka bar baiwar Allah ta huta."

"Kai me ya kawo ka? Ba ka zuwa lokacin tana jin magana."

"Na zo duba maƙwabta ne. Su ne kaɗai ba sa ƙorafin warin taki."

Sau biyu na gan shi tsaye kusa da Kunnen, hannu a aljihu, yana kallonsa. In ka ga kare yana shinshina takalmi, ka san sauran.

Hunturu ya wuce, wani ya sake wucewa. Ana saura 'yan watanni hukuma ta yanke hukunci sai ga Ilse a ƙofata, ba ta ko cire hular keke ba. Wannan karon ta ƙi kofi.

"Malam Wiarda, tudunku ya tashi."

"Madalla."

"Ba madalla ba ne. Farkon awon lafiya lau, yana tafiya a miƙe. Daga bazarar bara sai ya yi tsalle sama kamar faɗin yatsu biyu a dare ɗaya, siginar kuma ta dushe. Bazarar bana ya ƙara. Ƙasa ba ta yin haka. Mutum ne ke yin haka."

"Sai yanzu kika gani?"

"Ina da irinsa da yawa daga nan har bakin iyaka, a ƙarshe ake haɗa su. Da na duba tun da wuri, ban duba ba." Ta tsare ni da ido. "Wa ya fi kowa son a ce tudun nan ba ya nutsewa?"

Ashe ni take zargi. Na ji wani irin daɗi, don an daɗe ba a ɗauke ni mutumin da zai iya aikata wani abu ba.

"Ni kuma ina da tawa tambayar," na ce. "Wa ya fi kowa son a ce awon ya lalace? Hukumar da ganuwa miƙaƙƙiya ta fi mata sauƙi. Kin zo da lambobi a cikin kwamfutarki, ke kika gani, ke kika fassara. Tauraron nan, in na kira shi shaida, zai zo?"

"Zo mu je ka gani da idonka."

Muka hau tudun. Kunnen yana nan, allonsa yana nan, ba ƙwarzane ko ɗaya. Ilse ta tsaya tana kallonsa kamar wadda ta ga ɗanta da askin da ba ita ta yi masa ba.

"Ba haka na bar shi ba. Ba haka yake kallon sama ba. Duk falon aka ɗaga."

Ta durƙusa ta tona gefen kankaren da yatsa. Yashi ne a ƙarƙashi, rawaya, tsaf, an daddaɓe shi. Ƙasarmu laka ce baƙa. Kuma falon nan ba abin da mutum ɗaya zai ɗaga ba ne, balle tsoho mai ciwon kafaɗa. Ta dube ni, ta dubi kafaɗata, na ga ta janye zarginta. Ni kuwa idona ya sauka gindin tudu, inda tarakta mai cokali ke tsaye a harabar Okke.

Ban kai maganar gidansa ba, na kai ta inda za a ji. Ranar Juma'a da yamma manoma kan taru a shagon shan giya na bakin gada. Na shiga da rigar sanyina a jiki, na tsaya a kansa.

"Okke, yashin da ka zuba ƙarƙashin Kunne, daga ina ka samo?"

"Wane yashi, Malam? Zauna, ka tsaya kamar za ka ba mu jarrabawa."

"Ba ka son a ce tudun na nutsewa, don mutane za su ce ka yi murna. Ba ka son a ce yana tsaye, don gidanka zai tafi. Sai ka lalata awon. Ban taɓa zaton kana da wayon haka ba, na yarda na raina ka."

Okke ya ajiye kofinsa a hankali.

"Yayata ce a can."

"Na sani. Ni na kai ta."

"Ni na haƙa ramin, kai kana tsaye kana gyara wa fasto karatu." Ya miƙe, kuma Okke in ya miƙe sai fitila ta ragu. "Ka ga na daina zuwa taronku? Don duk hannun da na ɗaga, ko na sayar da Hiske ko na sayar da matata da jikokina. Shi ya sa na zauna a gida. Kai da ka karanta littattafan duniya, ba wanda ya gaya maka haka?"

Ya biya kuɗin abin da ya sha ya fita. Ban yarda da shi ba. Mai laifi ma ya iya magana mai kyau, ɗakunan karatu cike suke da su.

Washegari Asabar na koma tudun da niyyar neman sawun tayar tarakta. Ban saba zuwa ranar Asabar ba, don ranar 'yan gyara ce. Tsofaffi ne su biyar zuwa shida, masu aikin sa kai, shugabansu Siebren, tsohon mai shimfiɗa tubalin hanya. A ƙasarmu komai na nutsewa, dakali, hanya, dutsen kabari, kuma ba ya nutsewa daidai, sai ya karkace. Saboda haka kowace bazara sukan bi duwatsun kabari ɗaya bayan ɗaya, su ɗaga da sandunan ƙarfe, su cusa yashi, Siebren ya ɗora sandarsa ta magina mai ƙwayar iska a cikin ruwa, ba ya tashi sai ƙwayar ta tsaya a tsakiya cak. A wurinmu karkataccen dutse zagin iyali ne. Ana cewa ga gidan da suka manta da nasu.

Na same su a bayan coci suna shan kofi daga fulas, baro biyu a gefe. Ɗaya cike da yashi. Rawaya.

Na daɗe ina kallon baron nan.

"Siebren, wannan yashin naku ne?"

"Na kogi ne, Malam, wankakke. Ba ma sa na banza. Dutsen Hiske ma mun ɗaga shi bana, ya ɗan sunkuya ta hagu. Ba sai ka gode ba, mun san ba ka iya ba."

Sauran suka yi dariya.

"Kunnen fa?"

"Kai, kada ka tuna mini!" Siebren ya girgiza kai. "Mutanen Delft, da digiri da komai, su zo su dasa abu a maƙabarta a karkace kamar mashayi. Duk hunturun farko ina wucewa ina jin kunya. Baƙi na zuwa jana'iza suna gani. Da bazara ta yi na ce wa yaran nan, ku kawo jak ɗin ɗaga mota."

Ƙaramin cikin yaran nan ya haura saba'in.

"Akwai allo a jiki. An ce kada a taɓa."

"Ba mu taɓa shi ba! Ko yatsa. Falon muka ɗaga ta gefe guda har bakin ya kwanta daidai. Bana ya ɗan koma, muka ƙara masa. Ba mu ma gaya wa yarinyar ba, don kada ta ji nauyi. Kowa na kuskure a farkon aiki."

Na nemi wurin zama, ban samu ba sai gefen baron. Wata da watanni ina neman ɓarawo. Na shirya wa hukuma, na shirya wa Ilse, na shirya wa Okke, kowanne da dalilinsa da ribarsa. Ban shirya wa mutum shida masu son alheri da fulas ɗin kofi ba. Mugu aƙalla ya san abin da ya yi, kana iya kai shi gaban wani.

"Siebren, a karkacen ake son shi. Tauraron ba ta tsakar ka yake bi ba, ta gefe yake leƙowa."

Ya dube ni, ya dubi sandarsa. Na ga maganar tana shigarsa a hankali, kamar ruwa a laka.

"To me ya hana su rubuta haka?" ya ce a ƙarshe, muryarsa ƙasa-ƙasa. Matarsa tana layi na biyu daga ƙofa, shi ma da nasa filin a gefenta.

Na buga wa Ilse waya na gaya mata. Ta yi wata gajeriyar dariya mara daɗi.

"Za a iya cire tsallen daga lissafi?" na tambaye ta.

"Da ɗagawa kawai suka yi, da na gwada. Amma sun kawar da fuskarsa, siginar da ta dawo ba ta da ƙarfin da zan dogara da ita. Abin da ke hannuna mai kyau na 'yan watannin farko ne."

"Me suka nuna?"

"Kamar tudun a tsaye yake. Kamar. Wata kaɗan ba ya isa, ƙasa na kumbura da ruwan hunturu ta sake sauka da rani. Ba zan sa hannu a kan kamar ba, Malam Wiarda."

"Ki sake kafa shi."

"Zan roƙi a ba ni shekara biyu."

Ta roƙa, na ga kwafin roƙon. Hukuma ta ce aikin ganuwar ba zai jira ba, guguwar hunturu ba ta san jadawalin kowa ba, kuma inda babu awon wuri, da awon yankin ake aiki. Yankin kuwa yana nutsewa, tekunmu yana hawa, tauraron ya faɗi wannan da babbar murya. Ganuwa za ta bi ta bayan tudu. Har yau ina tambayar kaina ko da Kunnen ya yi aikinsa amsar za ta canza. Ina zargin ba za ta canza ba. Amma Siebren ya hana ni ko da wannan, ba ni da hujjar da zan tsani kowa da ita.

Aka ba iyalai zaɓi. Wanda ya so, a tono nasa a kai sabuwar maƙabarta a cikin gari, bayan tashar mota. Wanda ya so, ya bar nasa a tudu, inda ruwa zai riƙa kewaye shi in teku ta cika sosai, a riƙa ziyara ta wata siririyar hanya in ta janye. Sabon binnewa dai babu. Idan na kai Hiske gari, zan kwanta a gefenta. Idan na bar ta, ita a can, ni a bayan tasha.

Dokar coci ta ce ba a motsa mamaci sai da yardar danginsa na jini. Dole na gangara gidan Okke. Na same shi a rumfar shanu yana watsa ciyawa, bai juyo ba.

"Ba kai ba ne," na ce.

"Na ji. Duk gari ya ji. Wannan ce ban-haƙurin?"

"Ita ce."

"Ta fi wadda na zata tsawo." Ya jingina cokalin ciyawar da bango. "Me kake so a yi da ita?"

"Na zo in ji naka."

"Kai? Ka zo jin na wani? Bari in zauna." Bai zauna ba. Ya leƙa ta ƙofar rumfar yana kallon tudun. "Gidana ya tsira, kuma ban ji daɗin komai ba, in kana son sani. Duk abin da ka zaɓa zan sa hannu. Amma tunda ka tambaya, Hiske tun muna yara in an neme ta an rasa, tana kan ganuwa tana kallon ruwa. Garin nan kuwa, ko kasuwa ta je sai ta dawo da ciwon kai. Kai ma ka sani."

Na sani. Tun kafin in fito gida na sani, na zo ne da fatan ya faɗi akasin haka in sami wanda zan ɗora wa.

"In na bar ta, ni fa?"

"Kai a kai ka gari mana, Malam. Akwai mutane da yawa a can da ba su taɓa jin ra'ayinka ba."

Ya shiga gida ya ɗauko tabaransa, muka tsaya a bakin rumfar, na rubuta cewa a bar Hiske Wiarda inda take, ya sa hannu a ƙarƙashin nawa. Filin da ke hagunta na mayar wa coci a ranar. Ba za su iya ba kowa ba, ciyawa ce za ta ci shi.

Okke ya raka ni har bakin hanya, abin da bai taɓa yi ba.

"In teku ta janye ranar Lahadi, ka biyo ta nan," ya ce. "Hanyar za ta yi laka. Zan kai ka a tarakta."

Na ce zan duba.